Alkawarin da Ticha ya ɗaukar wa matarsa

Shekarun baya, lokacin da furfura ta fara leƙo gemuna, na shiga koyon Ingilishi. Rake da albasa nake dillanci a nan Gaya, masu saye kuma da yawa daga Nijeriya suke zuwa, na gaji da jin suna shawara a kaina da Ingilishi ina murmushi. Ban yi lakwal ba, wato boko, allo na yi, saboda haka duk abin da aka koya mana da ajami nake rubutawa.

Malaminmu mutumin Ilori ne, muna ce masa Ticha. Ya auri 'yar Dendi daga Malanbil, nan tsallaken kogi, Allah ya yi mata rasuwa ta bar masa yarinya guda. Bayan la'asar muke zama a ƙofar gidansa.

Wata rana darasi ya faɗo kan kalmomin alkawari. Ya ce in mutum biyu suka shirya abu, kowa da nasa nauyin, shi ne agirimen, kuma in sun ga dama su zauna su warware. Amma furomis, mutum ɗaya ne ke ɗora wa kansa. Wanda aka yi wa ne kawai zai ce ya yafe.

Abokina mai kabu-kabu, wanda ba ya barin magana ta wuce, ya ce, "To Ticha, in wanda aka yi wa ya mutu fa? An huta ke nan?"

Muka yi dariya. Ticha bai yi ba. Ya ajiye alli ya ce mu tashi, gobe ma rana ce.

Na tsaya bayan kowa ya watse. A nan ya gaya mini cewa matarsa, tana kwance ciwon ajali, ta sa ya yi mata alkawari ba zai raba yarinyar da kakarta ba. Ga shi yanzu an aiko daga Ilori ɓarin jikin mahaifiyarsa ya shanye, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. In ya tafi da yarinyar ya saɓa wa mamaciya. In ya bar ta, marainiya ta rasa uba kuma. In ya zauna, uwarsa fa?

Na ce ya bar mini. Na kwana biyu ina buɗe littattafai, na tara hujjoji kan hakkin uwa da hukuncin larura, har ina gwada yadda zan jera su a gaban tsohuwar, kakar yarinyar. A raina na riga na ga ta sunkuyar da kai tana cewa Malam ya yi gaskiya.

Muka haye gada zuwa Malanbil muka same ta tana bandar kifi, hayaƙi ya cika gidan. Ticha ya durƙusa can nesa kamar yadda suruki ke yi. Na gyara murya na fara da salati, na shiga hakkin iyaye. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Malam, kifina zai ƙone. Me 'yata ta ce masa? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na ce, "Inna, cewa ta yi kada ya raba ki da jikarki."

"Ta ce kada ya bar bakin kogi?"

"A'a."

"To ni bishiya ce da aka dasa a nan?" Ta juya wajen Ticha da Hausarta ta kasuwa. "Kai baban yarinya, garin naku babu ɗaki? Uwarka na kwance kana nan kana rama kamar kifin rani. Wa zai yi mata wanka, kai? Ka nemo mota."

Ticha ya kifa kai yana kuka. Ni kuwa na naɗe sauran hujjojina na sa aljihu. Ta ba ni kifi biyu, wai ladan wa'azi.

Kafin wata ya mutu suka tafi su uku. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kamba ta nan bakin iyaka ba ta shiga gaban mota da tukunyarta a cinya, tana faɗa da direba kan kayanta. Ta yi jinyar mahaifiyar Ticha har Allah ya karɓi abinsa, ba mai jin yaren wata. Yarinyar yanzu ta yi aure can.

Ingilishina bai yi nisa ba, don da Ticha ya tafi ajin ya watse. Amma kalmomin nan biyu sun zauna. Nakan tuna cewa ni da shi duk hanyar sauke alkawarin muka yi ta nema, ni a littafi, shi a zuci. Ita tsohuwar ba ta nemi a sauke komai ba. Tashi ta yi ta kama masa gefe ɗaya. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan 'yarta. Har yau in na ji ƙamshin bandar kifi sai na yi musu addu'a.