Inna Tabawa da Tsofaffin Dutse Uku

Da an idar da sallar asuba, sanyin Jos bai ko fara saki ba, za ka ga Inna Tabawa ta fito daga gidanta da ke Dutse Uku, kwando a ka. A ciki akwai kwanon koko mai murfi, da sabulu, da man zafi, da reza ta yankan farce. Gida bakwai take shiga kafin azahar, duk na tsofaffi. Yawancinsu haƙar kuza ta kawo su garin nan tun suna samari. Ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya sun watse ko kuma babu su, an bar kowa da ɗakinsa. Takan share ɗaki, ta ɗebo ruwa, ta tsaya sai an haɗiye magani a gabanta. Wankan maza kuwa Datti wanzami ta ɗora wa, bayan ta yi ta zarya gidansa har ya amince.

Shekara goma sha biyu ta yi tana aikin jinya a wani asibiti. Ta gaya mini abin da ya fitar da ita: sai a sallami tsoho ya ji sauƙi, bayan mako uku a dawo da shi ya fi da lalacewa, don ba mai ba shi ko ruwa a gida. Ta ga inda aikin yake, ta bi shi can. Bana, 1978, shekararta goma sha biyar ke nan tana wannan zagaye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na Baba Haladu, maƙwabcina. A daminar bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ɗan ƙaninsa, Shu'aibu, ya zo daga Kaduna da mota zai mai da shi ƙauyensu, inda rabon tsohon da shi shekara arba'in. Baba Haladu ya riƙe ƙafar gado da hannunsa mai lafiya yana hawaye. Nan matarsa take kwance a maƙabarta, nan abokan hirarsa suke. Shu'aibu ba mugu ba ne, tambaya ɗaya ya yi, wa zai riƙa ɗaga shi?

"Ɗana, ka ba ni wata biyu," in ji Inna Tabawa. "In ka dawo ka tarar bai taka da ƙafarsa ba, ni da kaina zan ɗaure masa kaya."

Ran nan ta tafi kasuwar Katako wajen Pwajok kafinta, wanda ta yi jinyar mahaifiyarsa har ta rasu. Ya bar aikin da ke gabansa ya biyo ta da katako, ya kafa abin dafawa daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bayan gida. Safe da yamma takan gasa ƙafar da ruwan zafi, ta murza, ta sa shi ya miƙe ko yana so ko ba ya so.

A mako na uku ya faɗi, leɓensa ya fashe. Ya kore ta, ya ce kada ta ƙara taka masa ɗaki. Mu ma maƙwabta muka sa baki, muka ce wahalar da bawan Allah kawai take yi, har da ni mai wannan rubutu. Washegari sai ga ta a lokacinta. Ta ajiye koko, ta tsaya a kansa.

"Baba, zagin na ji, na kuma yafe. Amma in ka kwanta yau, motar nan ce za ta ɗauke ka. Kawo hannun."

Sai ya miƙo hannun.

Da wata biyu suka cika, Shu'aibu ya dawo ya tarar da ɗaki ba kowa. A ƙofar masallaci ya same shi, zaune kan tabarma cikin abokansa, sanda a gefe. Taku tamanin ne daga ɗakin, kuma da ƙafarsa ya je. Hannun dama dai bai dawo ba. Da hagu yake cin abinci, bayan Inna Tabawa ta kawo liman ya tabbatar masa lalura ce, ba laifi. Motar ta koma Kaduna ba shi.

Ba duk waɗanda ta yi jinya ne suka tashi ba. Ta rufe idon tsofaffi da yawa. Amma a ɗakunansu suka cika, cikin tsabta, da mutum a kusa.

Inna, ke ce kika ƙi yarda tsufa ya zama kora. Ke ce ba ki taɓa tambayar tsoho addininsa ko garinsu kafin ki share masa ɗaki ba. Uwar marasa 'ya'ya, mun zarge ki a lokacin da kike da gaskiya, yau ina neman afuwa a gaban jama'a. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Yanzu gwiwa ta fara damun ta. Ta koya wa mata biyu aikin, Safara'u da Kaneng, ta raba musu gida huɗu, ta riƙe uku. Da na ce mata zan rubuta labarinta, sai ta ce in bar yabo, in rubuta cewa akwai tsofaffi biyu a bayan Katako da har yanzu ba mai leƙa su.

To, na rubuta. Ba a neman takardar shaida, sa'a ɗaya ake nema da safe. Wanda ya shirya ya zo Dutse Uku ya tambayi gidanta, kowa zai nuna masa. Wanda ya yi nisa kuma, ya duba layinsu, ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohon da ya kwana biyu bai gani a waje ba.