Malam Zakari, Wanda Ya Kai Iyaye Aji

Kafin a buga ƙararrawar safe za ka ji tarin babur ɗin Malam Zakari yana shigowa makarantar sakandaren da yake koyarwa a Tsafe, wata rana ma turo shi yake yi. Darasinsa tattalin arziki ne, darasin da yara suka sha faɗuwa a kansa har iyaye suka yanke ƙauna.

Sai Malam ya ɓullo da wata dabara: aikin gida ba daga littafi ba, daga bakin iyaye. Je ka tambayi innarka me ya sa gero ke arha da kaka. Je ka tambayi babanka me ya sa yake riƙe raguna sai Layya ta matso.

Tambayar ragunan nan ce ta kusa raba wani ɗalibinsa, Mahadi, da makaranta a 1998, ana dab da jarrabawar fita. Mahaifinsa, Malam Manu, makiyayi ne a wajen 'Yankuzo. Yana jin tambayar ya miƙe tsaye: ai masu haraji ne suka turo malami ya leƙa masa garke! Washegari sai ga shi cikin aji, sanda a kafaɗa.

"Kai ne malamin arziki? Mai babur ɗin da ake turawa? Mi ya haɗa ka da ragunana? Mahadi, tashi mu tafi, wanga karatu ya ƙare!"

Malam Zakari ya jawo masa kujerarsa.

"Baba, ko akuya ban iya ƙirgawa ba. Yaran nan ne ba su san dalilin da rago ke tsada kusa da Sallah ba. Taimaka mana."

"Wanga ma ba su sani ba?"

Malam Manu ya jingine sanda. Ya faro daga tsadar dusa, ya gangaro kan dillalai, ya zo kan shekarar da kowa ya riƙe ragonsa har kasuwa ta cika ta faɗi. Malam Zakari na bin sa da alli, yana sa wa kowace magana sunanta na boko. Aka buga ƙararrawa, dattijo ya ce, "Ban gama ba!"

Mahadi bai bar makaranta ba. Kullum ya dawo gida sai uban ya tsare shi: "Mi aka koya yau?" Da sakamako ya fito, ya ci darasin da kyau, shi da mafi yawan ajinsu.

Malam Zakari, kai ne ka sa uban da bai taɓa riƙe alli ba ya ji karatun ɗansa nasa ne. Yau da aka yi maka sauyin wurin aiki zuwa Bunguɗu, Tsafe na godiya, Allah Ya saka da alheri. Malamai, ku buɗe wa iyaye ƙofa. Iyayen Bunguɗu kuma, in yaro ya zo muku da tambaya, ku ajiye abin da kuke yi ku amsa masa.