Cikon da Na Ɓoye

Shekarar da soja suka koma bariki, ni ne "injiniya" a wani ofishi a GRA, duk da dai takardata ta lissafi ce. Kwamfuta biyu gare mu, kuma ni kaɗai ke da ƙarfin halin buɗe su.

Wata Talata Hajiyar da ke buga mana takardu ta miƙo min faifai, ta ce ya ƙi buɗuwa. Rahoton da za a miƙa wa sabon kwamishina ne a ciki, aikin sati uku, kuma ran Litinin ake so. Ana ta raɗe-raɗin farar hula za su rage ma'aikata, ita kuwa ta kusa hamsin.

"Malam, mi ka gani?"

"Ƙaramin aiki ne, Hajiya."

Ina da wata 'yar manhaja da na rubuta da kaina, wadda nake ji da ita ba kaɗan ba. Tana nuna bayanin kowane fayil gida-gida: suna, kwanan wata, lambar inda ya fara. A tsakani akwai gidajen da ba sa ɗauke da komai, riƙe wuri kawai suke, kamar audugar matashi. Ciko nake ce musu. A wani shafi manhajar kan nuna su, a wani kuma na ɓoye su, don gani nake sun cika min allo. Na ma manta na yi hakan.

Na sa faifan, na ɗora yatsa a allo ina ƙirga gidaje, na rubuta lambar gyara. Shiru. Sau uku ina yi. Laifin nan kuwa sai na ɗora wa faifan.

"Ya mutu, Hajiya. Sai haƙuri."

Ta jawo tsoffin takardun hannu ta fara daga farko, Asabar da Lahadi duk tana ofis. Ran Litinin ta miƙa rahoton, wuyan hannunta ɗaure da ƙyalle.

Bayan kwana biyu ina duba wani faifan na lura shafuka biyun ba su yi daidai ba. Ashe a shafin da ke ɓoye ciko na yi ƙirga, sai ta zame, cikin ciko nake ta zuba lambar. Na gyara manhajar ta riƙa nuna shi ko'ina, na sa faifan Hajiya. Minti biyu, ga rahoto cif.

Kunya ta kama ni, amma na je na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon allon, tana murza hannun.

"Kashe shi, Malam," in ji ta. "Kada in ga na farkon ya fi kyau."