Kwalekwalen Kawu Sule

Ku da kuka taɓa sauka gidan Kawu Sule a unguwar Gobarau kun san dokarsa: ruwa kaɗai ake ba baƙo, tuwo sai an dawo daga yawon tarihi. Ni na fi kowa shan wahalar dokar nan, don ni ne ɗan ƙanwarsa mai mota. A fara da hasumiya, a leƙa gidan tarihi, a tsaya wajen ɗan guntun ganuwar da ya rage, sannan a dawo zaurensa a rufe da babban abin kallo, wato kwalekwale. E, kwalekwale a Katsina, garin da ko agwagwa sai dai ta yi haƙuri da kwata!

Yana saurayi ya yi fataucin bandar kifi a Baga, bakin Tafkin Chadi. Da za a dawo gida abokansa suka sayo rediyo, shi kuwa ya ɗoro tsohon jirgin da yake shiga a saman lodin kifi. Tun daga ranar jirgin ya cinye rabin zaure, mai shiga gida sai ya bi a karkace.

Ba na manta ranar da mutanen Kano suka zo neman auren 'yarsa. Jagoransu wani Alhaji ne mai jiki, shaddarsa sai ƙyalli take. Kawu ya ce maganar aure sai an sauko daga hasumiya. Kun san matakalar nan, ga ƙunci ga tsayi. Alhaji ya kai sama da rarrafe, hula a hannu, Kawu ya nuna masa gari ya tambaye shi abin da yake gani.

"Wallahi jiri nake gani, Malam Sule."

"Madalla, kowa da shi yake hwarawa. In ya wuce ka hwaɗa mani, in nuna maka ƙohohi."

An dai ba su auren, amma Alhajin nan bai sake zuwa da kansa ba, aike yake yi.

Babbar abokiyar gabar jirgin ita ce matarsa, Inna Hajara. Duk babbar Sallah, in itacen suya ya yi ƙaranci, sai ta tsaya bakin zaure tana kallon jirgin irin kallon da mahauci ke wa rago. Saboda ita Kawu ya hana ajiye gatari a gidan, ya kuma bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada a ba ta aro. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta sa wa kazarta ƙaiƙayi a ciki don ta ƙona masa rai. Muka zuba ido mu ga tashin hankali. Ina! Kawu ya shigar da kazar cikin bayani, yana gaya wa baƙi ita ce fasinja ta farko tun da jirgin ya baro ruwa, kuma a yi magana a hankali, kwanci take.

Tsoronsa ɗaya ne, kuma ya sha faɗa mini a mota: kada jirgin nan ya ƙare a ƙarƙashin tukunya bayan ransa. Shi ya sa ya ja ni gidan tarihi ya roƙi su karɓa. Wani matashin jami'i ya saurare shi da ladabi, ya ce abin da suke ajiyewa tarihin Katsina ne, jirgin kuwa na Baga ne. Kawu ya tambaye shi shekarunsa, yaron ya faɗa.

"To ya riga ka zuwa Katsina, ɗana. In shi baƙo ne, kai mi kake?"

Muka dawo ba a karɓa ba. A hanya ko ganuwa bai nuna mini ba, kuma ranar na ji tausayinsa har cikin raina.

Akwai maƙwabcinsa Malam Bitrus kafinta, mutumin Filato, wanda ya taɓa ba shi shawarar a fitar da benci biyu daga jirgin, Kawu ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarsa. Don haka safiyar da Kawu ya rasu, da muka ga Malam Bitrus ya shigo zaure da zarto, na tare shi rai a ɓace. Ya ce in yi haƙuri, saƙo ne. Tun bara Kawu ya kira shi ya sa ya auna katakon, ya ce in ya mutu kada a nemo itacen da ake jerawa a kan kabari kafin a zuba ƙasa, a yanka jirgin a rufe shi da shi. Har alamun wurin yanka suna nan da alli ta ciki, inda ba mai dubawa.

Aka shiga aka gaya wa Inna Hajara. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana neman gatari sai ga ta a bakin zaure tana kuka, tana cewa ba mai taɓa mata jirgi. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin a bar mata goshin jirgin. Yana nan a zauren har yau, kaza na kwanci a ciki, kuma in kun je kada ku sa ran tuwo sai Inna ta gama muku bayaninsa.

Sauran katakon da hannuna na jera masa, ya zauna daidai, ba ragi ba ƙari.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yalwata masa makwanci, ya tsallakar da shi lafiya. Amin.