Wayar Inna ba ta san yatsana ba

Wayar Inna na ta kuka, ga ta a hannuna, na danna babban yatsa har na gaji, ta ƙi buɗewa. Ƙanena Sanusi, da ya dawo hutu daga makaranta a Sakkwato, ya ɗan taɓa ta kawai, sai ta buɗe.

Ni na sai mata wayar nan, ni ke kai ta caji kasuwar Goronyo. Shi ya zo ya sa mata makullin yatsa, wai don ɓarayin asusu. Mun gwada sa nawa, dashen albasa ya cinye zanen yatsan.

Na jira har sai da ya fita.

Na ce, "Inna, yanzu Sanusi ka ganin sirrinki, ni ban gani?"

Ta ce, "Wane sirri, Bello? Kai da ka san abin da ar rumbuna, mi kaka nema cikin waya?"

Na yi dariya, amma abin bai sauka ba. Tun ranar nake shafa wa yatsan man kaɗe a ɓoye, ko zanen ya dawo Sanusi ya sa nawa kafin hutunsa ya ƙare.

Jama'a, wa ya san maganin da ya fi wannan sauri?