Naman Layya a Gidan Mai Sola

Tun da na sa sola a rufin gidana a garin McLeansville, nan ƙasar waje, na hana mutanenmu sakat: ku koma wutar rana, ba hayaƙi. A zatona irin ta can ƙasarmu ce, ko an ɗauke wuta kana da taka. Da guguwa ta tsinke wayoyi bayan Babbar Sallah, kowa ya kwaso naman layyarsa zuwa firizata da ke gareji. Ashe solar tawa ba batir, sai da wutar gari take aiki. Na yi ta kiran kamfanin solar har muryata ta dushe. Rana tana ƙwallewa a rufin, jini yana malala a gareji. Wata Hajiya ta ɗaga murfin firizar, ta toshe hanci, ta ce, "Malam, ina wutar taka?"