Ranar da Aka Tafa wa Kawu

Gabana ya faɗi a daidai lokacin da Babban Manaja ya fara tafi. Ina zaune a ƙarshen ɗakin taro, hannuna a kan na'urar haska rubutu a bango, Kawu kuma yana tsaye a gaba, ya gama magana yana neman inda zai ajiye makirfo. Manaja ya tafa, sauran manya suka bi shi, amma ba wanda ya dubi Kawu. Junansu suke kallo. Shugaban sashen kuɗi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Kawu kaɗai ya yi murmushi, irin na mutumin da ya sauke kayan da aka ɗora masa.

Kawu wan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma tun da ta rasu. A tashar jiragen ruwa Kyaftin kowa ke ce masa. Ya shiga aiki yana saurayi, yana jan igiya a jirgin ja, wato ƙananan jiragen nan masu ƙarfin tsiya da ke janyo manyan jirage, su tura su har su jingina da bakin tasha. Daga igiya ya koma sitiyari, daga nan ya zama kyaftin, ya daɗe a haka har furfura ta cika masa kai. Da idonsa ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, sai aka yi masa ƙarin girma, ya zama shugaban sashen jiragen ja. Aka ba shi ofis a saman bene, da kujera mai juyawa, da taga mai kallon wurin ajiye motoci.

"Mai Digiri," ya ce mini ranar farko, don haka yake kirana tun ina firamare, "sun ba ni kujera mai sitiyari amma ba ta zuwa ko'ina."

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa tilo yana wata ƙasa, waya sai ya ga dama. Mu biyu ne a gidan, sai rediyon jirage da yake kunnawa a falo da zarar ya dawo. Zai zauna da kofin shayi yana sauraron muryoyin mutanensa suna kiran juna a kan ruwa, yana gyara musu daga kan kujera: "Sassauta, kai! Iska na bayanka." Ba mai jin sa, shi ma ya sani.

Halaye biyu ya kawo daga ruwa da ba su sake shi ba. Na farko, in aka ba shi umarni sai ya maimaita kafin ya aikata. In na ce, "Kawu, ka sha magani," sai ya ce, "Shan magani, an ji." Na biyu, bai san atisaye na wasa ba. A jirginsa in ana gwajin kashe gobara, ruwa na gaske ake fesawa, kowa ya jiƙe sharkaf, har shi. Yakan ce wanda ya yi wa gwaji ƙyuya, ranar wuta hannunsa ba zai san inda tiyo yake ba.

Na gama jami'a na sha zaman gida, sannan na samu aikin wucin gadi a ofishin horas da ma'aikata na tashar. Da haka na samu kaina a ɗakin taron wani otel, inda aka tara shugabannin sassa don bitar mako guda kan dabarun shugabanci da tsara makomar tashar. Kawu ya goge kwat ɗinsa da kansa. Shi ke fara zuwa, ya zauna a layin gaba shi kaɗai, sauran su shigo a makare suna amsa waya. Sun san juna tun makaranta, suna da barkwancinsu. In an yi dariya shi ma yakan yi, amma a makare.

Ana gab da rufe bitar malamin da ke jagorantarta ya kawo wani darasi. Ya ce kowane shugaba zai tashi ya kawo hujjar da za ta sa a miƙa sashensa ga kamfani mai zaman kansa, wani kuma ya tashi ya kare sashen. Ya ce gwaji ne kawai, don mutum ya koyi kallon gidansa da idon baƙo.

Ni da ban daɗe a ofis ba ma na san yadda ake yi. Ogata ta riga ta raɗa mini cewa a irin wannan darasi ba a cin nasara, faɗuwa ake yi da gangan, musamman in Babban Manaja na zaune. Haka kuwa aka yi. Shugaban sito ya tashi ya ce a miƙa sashensa saboda fankar ofishinsa na ƙara. Aka yi dariya, ya zauna. Na sashen tsaro ya yi ta kame-kame har lokacinsa ya ƙare.

Aka zo kan Kawu. Ya miƙe, ya gyara kwat.

"In kawo hujjar a miƙa sashen jiragen ja," ya ce. "An ji."

Bai riƙe takarda ba. Ya faɗi yadda injinan suka tsufa, da yadda ake cire ƙarfe daga wannan jirgi a sa wa wancan. Ya faɗi yadda babban jirgi kan kwana a waje yana jira saboda na ja ɗaya ya mutu, da yadda masu jiragen ke karkata zuwa wasu tashoshi. Ya ce kamfani zai zo da sababbin jirage, kuma sabon jirgi ba ya buƙatar rabin mutanen da tsoho ke buƙata. Tun da nake ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo da tsari haka ba. Na yi ta ɗaga masa hannu daga baya. Bai gan ni ba, idonsa ba ya kaiwa nan.

Shugaban kuɗi ne aka sa ya kare sashen. Bai ma tashi ba. Ya ce, "Ni dai ina son jiragen ja don suna kyau a kalanda. In ban da wannan, Kyaftin ya gama da ni."

Sai tafin nan. Da aka lafa, Babban Manaja ya juya ga sakatarensa ya ce a sa maganar cikin abin da za a kai wa hukumar gudanarwa.

Wajen cin abinci shugaban sito ya dafa kafaɗar Kawu. "Kyaftin, kai da ka yi shekaru ba ka nutsar da jirgi ba, yau ka nutsar da duka a kan tudu?"

"Ai gwaji ne," in ji Kawu.

"To, Allah ya sa."

Suka ɗauki farantansu suka koma teburinsu. Na zo na zauna kusa da shi. Ya ɗan juya cokali, sannan ya tambaye ni a hankali, "Na yi kuskure a wani wuri ne?" Na ce a'a, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Ya dube ni, na kasa ɗaga ido.

Kafin la'asar labari ya isa bakin ruwa, kuma ya isa ba tare da kalmar gwaji ba.

Tun da aka mai da shi ofis, Kawu bai taɓa fashin sauka wurin jiragen da rana ba, da filas ɗinsa na shayi. Akwai wani benci kusa da inda ake naɗe igiyoyi, nan yake zama da Mai Giris, bakaniken da suka fara aiki tare, su yi ta zagin juna kamar yara. Da aka gama bita ya ce in raka shi. Muna isowa hira ta tsaya. Mutanen suka miƙe tsaye gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba.

"Barka da zuwa, Yallabai," in ji Mai Giris.

"Yallabai kuma? Kai, ƙazami, yaushe na zama Yallabai?"

"Tun da aka tafa maka."

"Umarni aka ba ni. Kai ka san ni, in aka ce gwaji..."

"Na san ka. Shi ya sa." Mai Giris ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Da baƙo ne ya faɗa, sai mu ce bai san komai ba. Kai ka san ƙarfen da na cire jiya. Ka gaya musu wa ke kwana a cikin injin nan yana lallashinsa har ya tashi?"

"Ba wannan ɓangaren aka ba ni ba."

"To, ai shi ke nan."

Kawu ya buɗe filas, ya zuba shayi a murfin ya miƙa masa kamar kullum. Mai Giris ya ce ya ƙoshi, ya sauka cikin jirgi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya zauna a bencin ya shanye shayin, ya rufe filas, muka hau bene.

Ya nemi ganin Babban Manaja. Sai da ya yi zirga-zirga kafin a bar shi ya shiga, ni kuma ina jira a baranda. Bai daɗe ba ya fito. A mota ya gaya mini yadda suka yi. Ya ce wa Manaja abin da ya faɗa darasi ne, ba ra'ayinsa ba. Manaja ya tambaye shi, "Akwai ƙarya a ciki?" Ya ce babu. Manaja ya ce, "To me kake so in cire?" Ya roƙa a ba shi dama ya faɗi ɗaya ɓangaren a gaban hukuma. Aka ce masa za a duba.

"Da ka ce ka ƙara gishiri," na ce. "Da ka ce wasa kake yi."

"Ban ƙara ba, Mai Digiri."

Yanzu ba ya sauka bakin ruwa. A ofis yake cin abincinsa, yana kallon motoci. Manyan ma ba su ja shi jiki ba, suna gaishe shi daga nesa kamar mai mura. Ni kuwa duk lokacin da na ji tafi, ko a talabijin ne, sai in tashi in bar wurin. Ogata ta ce in shirya ɗakin taro don bita ta gaba, na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu na kasa shiga sai da mai shara ta yi mini magana.

Rediyon falo yana nan a kunne. Kawu ya daina gyara wa mutanensa. Ran nan muryar wani matashin kyaftin ta shigo yana faman juya babban jirgi cikin iska, na ga leɓen Kawu ya motsa, sai ya kai kofi baki. Kullum da safe yana goge kwat ɗin ya rataye a bayan ƙofa, ko za a kira shi. Na ji shi a banɗaki yana gwada maganar da zai yi, yana lissafa mutanensa da abin da kowa ya iya. Daga Mai Giris yake farawa.

Hukumar ta zauna a makon jiya. Ba a kira Kawu ba. Na tambayi sakataren Manaja, ya ce an tattauna batun jiragen ja, amma ba a fitar da matsaya ba tukuna. Har yau ba mu ji ko za a miƙa sashen ba.